Yawon buɗe ido bisa keke a garin Soweto

Ƴan'uwa, kowa ya san keke, wanda wasu ke ce ma belo. Da shi ake zuwa gona da kasuwa. Da shi ɗan lakkol ke zuwa karatu, da shi mai burodi ke kewaya unguwa. Amma akwai wani aiki da keke ke yi cikin manyan biranen duniya, wanda ba kowa ya ji labarinsa ba. Ana ba baƙi kekuna su hau, a kewaya da su cikin gari, ana nuna masu wurare, ana ba su tarihi. Baƙin su biya kuɗi, mutanen gari su samu na abinci.

Baƙin nan su ne ake kira ƴan yawon buɗe ido. Mutane ne da ke barin garinsu ko ƙasarsu don su ga yadda wasu ke zaune. Ba fatauci ya kawo su ba, kuma ba neman aiki suka zo ba. Wanda ke shiga gabansu yana nuna masu hanya shi ake kira jagora. A nan Nijar mun san irin waɗanga mutane a Agadas, waɗanda a shekarun baya suka yi ta kai baƙi cikin Ayar da Tenere bisa raƙuma ko cikin mota. To, jagoran da za mu yi magana a kai, shi cikin birni yake aikinsa, abin hawansa kuwa keke ne.

Ana wagga sana'a a birane da dama, kamar Amsadam ta ƙasar Holan, da Pari ta Faransa, da Balin ta Jamus. Mu dai za mu ɗauki gari guda cikin Afirka mu duba shi da kyau. Garin shi ne Soweto, a ƙasar Afirka ta Kudu.

Mi ya sa keke?

Hanya uku baƙo ke bi ya ga gari: ko a ƙasa, ko cikin mota, ko bisa keke.

Mai tafiya a ƙasa yana ganin komi da kyau. Amma cikin awa guda bai wuce kilomita 4 ko 5. In garin babba ne, kafin ya gama unguwa biyu ya gaji, rana kuma ta yi.

Babbar motar baƙi kuwa tana ɗaukar mutum 40 ko 50. Tana da sauri, cikinta da sanyi. Sai dai tagoginta a rufe suke. Baƙo bai jin hayaniyar kasuwa, bai jin ƙanshin abin da ake toyawa bakin hanya, bai gaisawa da kowa. In titi ya yi ƙunci, motar ba ta shiga. Mutum ya ga gari ta bayan madubi, kamar mai kallon talabijin. Su ma mutanen gari ba su ganin komi sai fuskoki da abin ɗaukar hoto, motar ta wuce.

Keke yana tsakanin waɗannan biyu. Ayarin baƙi masu tafiya sannu-sannu suna iya yin kilomita 10 cikin awa guda, watau ninki biyu na mai tafiya a ƙasa. Keke yana shiga lungu. Ana tsaida shi duk inda ake so, a jingine shi ga bango. Bai shan mai, bai hayaƙi, bai ƙara. Abin da ya fi duka, mai keke kusa yake da mutane. In ya yi sallama a ji shi, in an amsa ya ji.

Ina Soweto take?

Soweto tana kudu maso yamma da babban birnin Johanasbag, kamar kilomita 20 daga tsakiyarsa. Sunan ma daga nan ya fito. An ɗauko farkon kalmomi uku na Ingilishi masu nufin unguwannin kudu maso yamma, aka haɗa su. A shekarar 1963 aka raɗa mata wanga suna. A ƙidayar 2011 an samu mutum fiye da miliyon 1 da dubu 200 cikinta.

Asalin garin zinariya ce. A shekarar 1886 aka gano zinariya a wurin da Johanasbag take yanzu. Turawa masu kamfani suna bukatar ma'aikata masu shiga rami. Baƙaƙen fata suka yi ta zuwa daga ƙauyuka, har daga ƙasashen maƙwabta. Ana son ƙarfinsu, amma ba a son zamansu kusa. Sai aka yi ta tura su bayan gari. Tun 1904 aka fara kwashe mutane zuwa wajen. Bayan 1930 aka gina unguwar Orlando.

A 1948 gwamnatin farar fata ta kafa mulkin wariyar launin fata, wanda ake kira afatayid. Doka ta raba wurin zaman fari da na baƙi, ta raba makarantu, da asibitoci, da kujerun zama. Baƙin mutum bai shiga birni sai da takardar izini cikin aljihu. In ɗan sanda ya tambaye shi bai da ita, sai kaso. A 1955 aka fara rushe wata tsohuwar unguwa ta cikin Johanasbag mai suna Sofiyatawun, aka loda mutanenta cikin motoci aka zube su a Soweto. Har cikin Soweto ɗin aka rarraba unguwanni bisa ƙabila, Zulu nan, Soto can.

Sai a 1994 mulkin nan ya faɗi, aka yi zaɓen da kowa ya jefa ƙuri'a, Nelsan Mandela ya zama shugaban ƙasa. Daga nan mutanen duniya suka fara ɗokin zuwa su ga garin da suka daɗe suna jin sunansa a rediyo. Gani ya kori ji.

Yadda abin ya fara

Da farko cikin manyan motoci ake kawo baƙi. Su taso daga otal a Johanasbag, a tsaya da su wuri biyu ko uku, su ɗauki hoto, su koma. Da yawansu tsoro suke ji, don an gaya masu Soweto wurin ɓarayi ne. Kuɗin da suka biya kuwa yana komawa ga masu motoci da masu otal na cikin birni. Ɗan Soweto sai ƙura.

Akwai wani saurayi ɗan unguwar Orlando ta Yamma, sunansa Lebo Malepa. Yana saida kayan aikin hannu ga baƙi kusa da wurin tunawa da yaran da aka kashe a 1976. Kullum yana ganin yadda motocin ke zuwa su tafi. Sai ya fara gayyatar baƙi su sauka su kwana gidansu, su ci abin da ake ci, su zauna da mutane. Bayan shekara ta 2000 gidan ya zama masaukin baƙi sosai. Daga baya ya samo kekuna, ya fara fita da baƙinsa cikin unguwa. Samarin unguwa suka koyi aikin jagora wurinsa. Wani fili da ke gaban gidan, inda ake zubda shara, shi da maƙwabta suka share shi, suka dasa itatuwa, ya zama wurin hutawa da cin abinci.

Lebo Malepa ya rasu a watan Disamba na 2021. Amma hanyar da ya buɗe ba ta rufe ba. Yawo bisa keke ya zama ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin ganin Soweto.

Shiri kafin a tashi

Yawon iri-iri ne. Akwai na awa 2, akwai na awa 4, akwai na yini guda. Baƙo ya zaɓi daidai ƙarfinsa da aljihunsa. Ba sai ya zo da kekensa ba, kuɗin haya yana cikin abin da ya biya.

Kafin baƙi su iso, mai gyara ya duba kekunan ɗaya bayan ɗaya. Ya matsa taya ya ji iska. Ya kama birki na gaba da na baya. Ya ɗiga ma sarƙa mai. In baƙi sun zo, a ba kowa keke daidai tsawonsa, a ɗaga sirdi ko a sauke shi. A ba kowa hular kwano, don in an faɗi kai ya tsira. Kowa ya riƙe gorar ruwa. A bar mutum ya ɗan kewaya fili, a ga ko ya iya da gaske.

Sannan jagora ya tara su ya faɗa masu dokokin hanya. Ta farko, a Afirka ta Kudu hannun hagu ake bi, ba hannun dama ba kamar nan Nijar. Baƙon da ya saba da dama yana iya mantawa wajen kwana, shi ya sa ake nanata masa. Ta biyu, a bi layi guda, kada kowa ya wuce jagora. Ta uku, a kula da hannunsa: in ya miƙa hannu za a karya kwana, in ya ɗaga shi za a tsaya. In ayarin yana da yawa, wani ya bi bayan kowa da famfo da kayan faci, kada a bar mutum shi kaɗai.

Akwai abu biyu da ke ba baƙo mamaki. Soweto bisa tudu take, sama da mita 1500 daga bakin teku, kuma hanyoyinta hawa da gangara ne. Wanda bai saba ba, numfashinsa ya yi sama. Shi ya sa ba a gaggawa. Na biyu, lokutan shekara a can sun saɓa da namu. Watan Yuni da Yuli, lokacin da mu muke shuka, su sanyi suke sha mai tsanani. Ruwan samansu kuwa daga wajen Oktoba ne zuwa Maris, kuma ya fi zuwa da la'asar, da tsawa. Don haka da safe aka fi son fita.

Abu na ƙarshe da jagora ke koya masu shi ne gaisuwa. Da harshen Zulu ana cewa "Sawubona". Ma'anarta, na gan ka. A amsa da "Yebo", watau i. Da harshen Soto ana cewa "Dumela". Baƙon da ya riƙe kalmomin nan ya samu mabuɗin gari.

Abin da ake gani bisa hanya

Da an fita, abin da ido ke fara gani shi ne ƙananan gidaje jere reras, duk iri ɗaya. Gwamnatin wariya ce ta gina su. Ɗaki huɗu ne ƙanana, shi ya sa mutane suka sa masu suna gidan ashana. Yau kowa ya gyara nasa gwargwadon hali. Wani ya ƙara ɗaki, wani ya ja katanga ya shafa fenti, wani ya ɗora bene.

Ana biyawa ta wasu dogayen gine-gine kamar barikin soja. Nan ne aka ajiye mazan da suka zo aikin rami da na kamfani. Maza zalla, mutum da yawa ɗaki guda, an hana su kawo matansu da ɗiyansu. Magidanci ya yi wata 11 bai ga iyalinsa ba. Yanzu iyalai ne ke zaune cikin wasu daga gine-ginen, amma har yau wuraren na fama da talauci. Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani, ko ya jira wanda ya tafi, ya san nauyin wanga labari.

Daga nesa ana hango tuddai masu launin rawaya. Ba Allah ya yi su haka ba, ƙasar da aka tono ce daga ramukan zinariya aka tara. In iska ta taso, ƙurarsu na sauka bisa gidajen da ke kusa.

Ana kuma hango wasu hasumiyoyi biyu manya, tsawon kowace ya kai mita 100. Na tsohuwar tashar wutar lantarki ta Orlando ne, wadda ta yi aiki da kwal fiye da shekara 50 kafin a rufe ta a 1998. Wutar tana tafiya Johanasbag, hayaƙin yana zama Soweto, alhali gidaje da yawa a gindin tashar da kyandir da fitilar kananzir suke kwana. Yanzu an zane hasumiyoyin da launi iri-iri, an ɗaura gada tsakaninsu can sama. Masu ƙarfin hali suna ɗaura igiyar roba su faɗo daga kanta don wasa.

Bakin titi za a ga mutane na yi ma ƙananan motocin haya alama da hannu. Kowace alama da inda take nufi. Wanda ya ɗaga yatsa guda sama, cikin birni za shi. In babu jagora, baƙo ya wuce bai gane komi ba.

Jagora na ƙwarai bai nuna talauci kaɗai. Yana bi da baƙi ta unguwannin masu hali, inda gidaje ke da bene da motoci a ƙofa. A Soweto akwai manyan kantuna, da filin ƙwallo na Orlando, da asibitin Baragwanat mai gado fiye da 3000, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya. Akwai kuma unguwannin bukkokin kwano, inda gidaje da yawa ke ɗiban ruwa famfo guda. Duka gari ɗaya ne.

In rana ta ɗaga, a tsaya cin abinci. Akwai tuwon masara da suke kira pap, da gasasshen nama, da naman kan sa. Akwai kota: a yanka burodi kashi huɗu, a ɗauki kwata guda, a rarake cikinsa, a cika shi da soyayyen dankali da ƙwai da nama da yajin mangwaro. Akwai abin sha na masara mai ɗan tsami, kamar kunu. Akwai kuma giyar dawa da ake yi a gida. Ba a tilasta ma kowa. Wanda bai shan giya, ko bai cin naman alade, sai ya gaya ma jagora tun da wuri.

Titin Bilakazi

Wurin da kowane baƙo ke son zuwa shi ne titin Bilakazi, cikin Orlando ta Yamma. An sa masa sunan wani malami marubuci ɗan ƙabilar Zulu. Titin ya yi suna don mutum biyu da suka zauna bisansa, kuma kowanensu ya samu lambar Nobel ta zaman lafiya, wadda ita ce babbar lambar girma ta duniya a wannan fanni. Ɗaya shi ne Dasmon Tutu, babban limamin Kirista, a 1984. Ɗayan Nelsan Mandela, a 1993.

Gidan Mandela mai lamba 8115 ne. Ƙaramin gida ne na jan bulo. Ya shige shi a 1946. A 1962 aka kama shi, ya yi shekara 27 a kurkuku. Matarsa Wini ta zauna gidan da ɗiyansu mata biyu, ƴan sanda suna ta matsa masu. Har yau ana ganin tabon harsashi da na wuta jikin bango. Da aka sako shi ran 11 ga watan Fabrairu na 1990, nan ya komo, amma kwana 11 kaɗai ya yi ciki. Yanzu gidan ya zama gidan tarihi. Baƙi su ajiye kekuna a ƙofa, su shiga su ga ɗakunan.

Ranar 16 ga watan Yuni

Daga gidan Mandela, tafiya kaɗan ce zuwa wurin da ayari ke yin tsit.

A 1974 gwamnati ta ba da umurni cewa a makarantun baƙaƙen fata a riƙa koyar da lissafi da wasu darussa da harshen Afirkans. Harshen masu mulki ne. Yaran ba su iya shi ba, malamai da yawa ma ba su iya shi sosai ba. Ku duba: yaro yana fama da lissafi, ga shi kuma an kawo masa lissafin cikin harshen da bai ji.

Ran 16 ga watan Yuni na 1976, da safe, cikin sanyi, ƴan lakkol fiye da dubu 10 suka fito daga makarantunsu. Suna riƙe da kwalaye da rubutu, suna waƙa, sun nufi filin ƙwallo na Orlando. Ƴan sanda suka tare hanya. Suka jefa barkonon tsohuwa, sannan suka buɗe wuta.

Cikin waɗanda aka fara harbi akwai wani yaro ɗan shekara 12, Hekta Pitasan. Wani saurayi ya sungume shi yana gudu da shi, yayar yaron tana gudu gefensu tana kuka. Wani ɗan jarida mai suna Sam Nzima ya ɗauki hotonsu. Hoton ya shiga jaridun duniya, mutane suka ga abin da ake yi ma yara a Afirka ta Kudu. Tarzomar ta bazu cikin ƙasa. Aƙalla mutum 176 suka mutu, wasu masu bincike kuma sun ce adadin ya fi haka nesa.

An gina wurin tunawa kusa da inda yaron ya faɗi, an kafa babban hoton nan. A 2002 aka buɗe gidan tarihi mai sunansa. Masu dogon yawo sukan ƙarasa har majami'ar Rejina Mundi, inda yara suka ruga suka ɓuya, ƴan sanda suka bi su da harbi har ciki. An bar ramukan harsashin ba a toshe ba, don masu zuwa su gani.

Ranar nan ta shafe mu. A 1991 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tsaida 16 ga watan Yuni ta zama Ranar Yaron Afirka. Bikin da ake yi ma yara a wagga rana, a Yamai da sauran garuruwanmu, daga titunan Soweto ya samo asali.

Aikin jagora

Tuƙa keke kaɗan ne cikin aikin. A Afirka ta Kudu doka ta ce wanda zai yi jagorancin baƙi don kuɗi sai ya yi horo, ya koyi taimakon gaggawa ga wanda ya ji ciwo, hukuma ta rubuta sunansa ta ba shi shaida.

Dole ya san tarihi da shekarunsa, don cikin baƙi akwai masu karatu, in ya yi ƙarya su kama shi. Dole ya ji Ingilishi, ya kuma ji harsunan unguwa. Ya san titin da motoci suka yi yawa, da lungun da bai kamata a shiga ba. Ya iya faci, ya iya maida sarƙa in ta zame. Ya riƙa waiwaye, ya gane wanda ya gaji ko da bai faɗa ba. Ya ƙirga mutanensa duk inda aka tsaya.

Amma babban jarinsa shi ne ɗan gari ne. Yawancin jagororin nan cikin Soweto aka haife su. Wani kakarsa tana cikin waɗanda aka kwaso daga Sofiyatawun. Wani uwarsa tana lakkol a 1976. In ya ratsa unguwa, a kira sunansa daga ƙofar gida, baƙinsa su ci albarkacinsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Wa ke cin moriya?

Mu bi kuɗin baƙo mu ga inda yake shiga. Jagora ya samu. Mai gyaran keke ya samu. Matar da ta yi tuwo ta samu, da mahaucin da ya saida mata nama. Mai saida duwatsun wuya da hula da sassaƙa ya samu. In baƙon ya kwana cikin unguwa, mai shara da mai wanki su samu. A ƙasar da samari da yawa ba su da aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma jarin bai kai na mota ba. Kuɗin babbar mota guda ya sayi kekuna masu yawan gaske.

Duk da haka, sana'ar tana da nata matsaloli.

Ta farko, kallon talauci. Wasu mutanen Soweto ba su son a riƙa kawo baƙi suna leƙen bukkokinsu. Suna cewa su ba namun daji ba ne da za a zo kallo. Maganarsu tana bisa hanya. Keke kaɗai bai gyara wannan, sai halin wanda ke bisansa. Shi ya sa jagora na kirki ke hana ɗaukar hoton mutum sai an tambaye shi, kuma bai shiga gida da baƙi sai da yardar mai gida.

Ta biyu, kyauta ga yara. Baƙo ya ga yaro, ya ji tausayi, ya miƙa masa alewa ko kuɗi. Gobe yaron ya tsaya bakin hanya yana jiran wani ayari, ya koyi roƙo. Jagorori da yawa suna gaya ma baƙi, in suna son taimako su ba makaranta ko ƙungiyar unguwa.

Ta uku, moriyar ba ta kai ga kowa. Titin Bilakazi ya cika da gidajen abinci da masu saida kaya, amma unguwar da keke bai bi ta ciki ba, ba ta ganin ko sisi.

Ta huɗu, sana'a ce da ta dogara ga zuwan baƙo. A 2010, da aka yi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a Afirka ta Kudu, karo na farko cikin Afirka, baƙi sun cika gari. Wasan ƙarshe ma a bakin Soweto aka yi shi, cikin wani babban fili da aka gina kamar ƙwarya. A 2020 kuwa, da cutar korona ta zo, aka rufe iyakoki, jirage suka tsaya, kekuna suka zauna jingine wata da watanni. Wanda bai da wata sana'a ko ɗan ajiya ya sha wuya.

Abin riƙewa

An gina Soweto don a nisanta mutanenta daga idon duniya. Yau ɗiyan garin ne ke shiga gaba, baƙi na biye, suna ba da labarin iyayensu da bakinsu, kuma kuɗin yana tsayawa cikin unguwa. Abin da aikin ke bukata shi ne keke mai birki, da ɗan gari wanda ya san tarihin garinsa, da baƙo mai gaida mutane.

Tambayoyi

1. Su wa ake kira ƴan yawon buɗe ido? Mine ne aikin jagora?
2. Ta ina keke ya fi babbar mota ga mai son ganin gari?
3. Mi ya kawo mutane Soweto tun farko?
4. Mi ya fito da ƴan lakkol bisa titi ran 16 ga watan Yuni na 1976?
5. Mandela ya shiga kurkuku a 1962, ya fito a farkon 1990. Ya zama shugaban ƙasa a 1994. Shekara nawa ke tsakanin fitowarsa da hawansa mulki?
6. Ayarin baƙi yana yin kilomita 10 cikin awa guda. Sun fita yawon awa 4, amma awa 2 sun tafi wajen tsayawa da cin abinci. Kilomita nawa suka yi?
7. Mi ya sa ake hana baƙi raba ma yara alewa da kuɗi? Ku tattauna.
8. In baƙo ya zo garinku, waɗanne wurare uku za ku nuna masa? Wane dattijo ko dattijuwa ya san tarihinsu? Ku rubuta sunayen wuraren cikin littafinku.